Shekaru talatin a Itabaianinha: abin da likitan Burazil ya koya wa duniya kan rashin girma

A kudancin Sergipe, jiha mafi ƙanƙanta a ƙasar Burazil, akwai wata ƙaramar hukuma mai suna Itabaianinha. Baƙon da ya ratsa ƙauyukanta zai iya cin karo da magidanta da matan aure, har da tsofaffi masu furfura, waɗanda tsayinsu bai wuce na yaro ɗan shekara takwas ko tara ba. Jikinsu daidai yake, hannu da ƙafa da kai duk sun dace da juna, sai dai komai ƙarami ne, muryarsu kuma siririya. Suna noma, suna ciniki, suna aure, suna haihuwa. An ƙirga fiye da mutum 100 masu wannan hali a cikin dangi guda da ya yaɗu a yankin, kuma ba kasafai tsayin babba a cikinsu yake wuce santimita 135 ba.

A tsakiyar shekarun 1990 wani likitan cututtukan sinadaran jiki daga Jami'ar Tarayya ta Sergipe, Manuel Aguiar-Oliveira, ya fara zuwa wurinsu, kuma bai daina ba. Ya auna yara har suka girma, ya bi manya har suka tsufa. Aikinsa ya cancanci mai karatun Hausa ya san shi saboda dalili biyu. Na farko, ya gyara fahimtar likitoci kan wata cuta da aka ɗauka an gama saninta. Na biyu, ya nuna cewa binciken da ke sauya yadda ake duba marasa lafiya yakan fito ne daga hannun wanda ya zauna da mutanensa shekara da shekaru, ko da jami'arsa ba ta cikin waɗanda duniya ke ambata.

Kafin a fahimci girman aikin sai an san sinadarin da ake magana a kai. A ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai girman ƙwayar wake da likitoci ke kira fituwitari. Shi ke fitar da sinadarin girma zuwa cikin jini, kuma ba ya fitar da shi a jere, sai jefi-jefi, mafi yawa da dare lokacin da yaro ya yi barci mai nauyi. Idan sinadarin ya isa hanta sai ta samar da wani sinadarin da ake kira IGF-1, su biyun su sa ƙashi ya miƙe, tsoka ta ginu. Yaron da jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin yakan zo duniya da nauyi kusan daidai da na kowa, sannan a hankali tsararrakinsa su tsere masa. Ana ƙiyasta cewa ana samun yaro ɗaya mai wannan larura a cikin 4,000 zuwa 10,000.

Neman maganinta ya sha wuya. Sinadarin girma na shanu ba ya aiki a jikin ɗan Adam, don haka dole sai na mutum. A 1956 Choh Hao Li na Jami'ar Kalifoniya ya tace shi daga fituwitarin mutum, a 1958 kuma Maurice Raben na birnin Boston ya ba da rahoton wani matashi ɗan shekara 17 da ya fara tsawo bayan an yi masa allurarsa. Daga nan aka shiga tattara wannan sashe daga gawarwaki a asibitoci. Amurka ta kafa hukuma ta musamman don haka a 1963, kuma kafin 1985 yara kusan 7,700 sun samu allurar ta hannunta. Maganin bai taɓa wadata ba. Akan tsayar wa yaro da allura da zarar ya kai wani tsayi, domin na bayansa ya samu.

A farkon 1985 wani likitan yara na Jami'ar Stanford, Raymond Hintz, ya sanar da hukumomi cewa wani saurayi da ya taɓa yi wa wannan allura yana ƙarami ya rasu da cutar Creutzfeldt-Jakob, mai cinye ƙwaƙwalwa, wadda a al'ada sai tsofaffi take kamawa. Hintz ya yi zargin cewa daga maganin cutar ta fito. Cikin makonni aka gano wasu biyu, aka dakatar da rabon maganin. Daga baya an ƙirga fiye da mutum 200 a duniya da suka kamu ta wannan hanya, fiye da 100 daga cikinsu a Faransa. Abin da ya ceci sauran shi ne likita guda da bai manta da mara lafiyarsa ba bayan ya bar hannunsa. A watan Oktoba na shekarar aka amince da sinadarin da kamfanin Genentech ya haɗa a ɗakin gwaji ba tare da an taɓa gawa ba.

Irin wannan na ɗakin gwaji ne Lionel Messi ya yi ta yi wa kansa allurarsa a ƙafa kowane dare, bayan likita Diego Schwarzstein ya gano yana da ƙarancin sinadarin a birnin Rosario na Ajantina. Tsadar maganin na cikin dalilan da suka sa iyalinsa suka koma Barcelona a 2001, yana ɗan shekara 13, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Barcelona ta ɗauki nauyi. Yau tsayinsa mita 1.70 ne. Babu mai jayayya cewa ga yaro mai wannan larura allurar alheri ce.

Jayayyar ta taso ne a kan manya. Da magani ya wadata, sai aka fara tambaya: wanda ya gama tsawo, yana da sauran buƙatar sinadarin? A 1990 likitoci biyu na ƙasar Suwidin, Thord Rosén da Bengt-Åke Bengtsson, suka wallafa binciken da ya nuna cewa manyan da fituwitarinsu ya lalace suna mutuwa da ciwon zuciya da na jijiyoyin jini fiye da sauran jama'a, kuma suka kawo rashin sinadarin girma a matsayin abin zargi. Zargin yana da ma'ana, domin masu rashinsa sukan tara kitse a ciki, kitsen jininsu ya hau, tsokarsu ta ragu. A 1996 Amurka ta amince a riƙa yi wa manya allurar.

Sai dai akwai gurbi a hujjar. Yawancin waɗannan marasa lafiya ƙari ne ya fito musu a kai, aka yi musu tiyata, wasu aka gasa wurin da haske. Sinadarai da dama suka rasa lokaci guda, suna kuma shan magunguna iri-iri don maye gurbinsu. A cikin wannan cakuɗa, wa zai iya rantsuwa cewa rashin sinadarin girma ne ya kashe su? Ana buƙatar mutanen da wannan sinadari kaɗai suka rasa, tun daga haihuwa har tsufa, ba tare da an taɓa yi musu magani ba. Ba a ƙirƙirar irin waɗannan mutane a ɗakin gwaji. Suna zaune a Itabaianinha, tafiyar awanni kaɗan daga asibitin da Aguiar-Oliveira yake aiki.

Ya haɗa hannu da Roberto Salvatori na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka, kuma a 1999 suka bayyana musabbabin. Ƙwaƙwalwa takan aika saƙo zuwa fituwitari cewa ya saki sinadarin girma. A jikin mutanen Itabaianinha, wurin karɓar wannan saƙo ne ya samu tangarɗa a ƙwayar halittar gado, don haka saƙon yana zuwa amma ba a jin sa. Sai yaro ya gaji tangarɗar daga uwa da uba duka biyu kafin ta bayyana. Idan iyaye biyu suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Yankin ya daɗe a keɓe, auren zumunci ya yi yawa, shi ya sa abin ya taru a wuri guda. An kuma samu makamancinsa a wani dangi na lardin Sindh a Pakistan.

Gano ƙwayar gadon ya isa ya ba mai bincike suna, kuma da yawa a nan za su tattara kayansu su koma. Aguiar-Oliveira bai yi haka ba. Shekara bayan shekara tawagarsa ta duba zuciyar mutanen da jijiyoyinsu, ƙashinsu, idonsu, jinsu, haƙoransu, muryarsu, barcinsu, haihuwarsu da tsawon rayuwarsu, tana kwatanta su da 'yan uwansu da maƙwabtansu masu tsayi irin na kowa, masu cin abinci iri ɗaya da shan ruwa iri ɗaya.

Sakamakon ya ba da mamaki. Gaskiya ne suna da teɓa, kuma kitsen jininsu yana sama. Amma jijiyoyinsu ba su toshe da wuri ba kamar yadda aka zata, jikinsu kuma yana amsa insulin da kyau, saɓanin abin da aka saba gani ga mai teɓa. Ƙashinsu ƙanana ne amma ba su fi kowa karaya ba. Balagarsu takan yi jinkiri, duk da haka suna haihuwa. Da aka tambaye su yadda suke jin rayuwarsu, amsarsu ba ta bambanta da ta maƙwabtansu ba. A binciken tsawon rai da aka wallafa a 2010 an ga cewa wanda ya kai shekarun girma a cikinsu yakan rayu gwargwadon yadda 'yan uwansa ke rayuwa.

Tawagar ta kuma gwada allurar a kan wasu manya daga cikinsu na tsawon wata shida. Kitsen jini ya sauka, teɓa ta ragu, amma bangon jijiyar wuya ya ƙara kauri, alamar da likitan zuciya ba ya son gani. Sun wallafa wannan ɓangaren kamar yadda suka wallafa mai daɗin. A fagen da kamfanonin magani ke ɗaukar nauyin bincike da yawa, mai binciken da ya fito ya ce magani mai tsada ba lallai ya amfani kowane babba ba, ya yi wa marasa lafiya hidimar da ta kai ta wanda ya ƙirƙiro maganin.

Abin da aka gani a Burazil ya haɗu da wasu bincike biyu. A 1996 Andrzej Bartke da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa wasu ɓeraye ƙanana da ba su da sinadarin girma sun fi 'yan uwansu tsawon rai nesa ba kusa ba. A kudancin Ekwado kuma likita Jaime Guevara-Aguirre ya shafe fiye da shekara 20 yana bin masu larurar da Zvi Laron na Isra'ila ya fara bayyanawa a 1966, wadda jiki ke samar da sinadarin amma ba ya amsa shi. A 2011 ya ba da rahoton cewa cikin mutum 99 da ya bi babu wanda ya kamu da ciwon suga, mutum ɗaya tak ya yi ciwon daji kuma bai kashe shi ba, alhali cututtukan biyu suna nan a cikin danginsu. A 2019 Aguiar-Oliveira da Bartke suka haɗu suka rubuta dogon nazari da ya tattara waɗannan hujjoji. Yau duk mai tallar sinadarin girma a matsayin maganin tsufa sai ya fuskanci tambayar da Itabaianinha da Ekwado suka ajiye masa.

Masu sukar aikin suna da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare su. Mutum ɗari ba su da yawa. Dangi ɗaya ne, tangarɗa iri ɗaya. Wanda aka haifa ba tare da sinadarin ba jikinsa ya ginu a kan haka, ba daidai yake da ɗan shekara 40 da ya rasa shi dare ɗaya bayan tiyata ba, kuma akwai irin waɗannan manya da allurar ke dawo musu da ƙarfi da walwala. Wasu jarirai masu wani nau'in larurar sukan fuskanci faɗuwar sugan jini mai haɗari, su kam magani wajibi ne. Tawagar Sergipe ba ta taɓa cewa a bar yara ba magani ba. Yaran yankin da aka yi wa allura sun miƙe sosai, kuma tsarin lafiyar gwamnatin Burazil yana bayar da ita kyauta ga wanda aka tabbatar yana da larurar. Abin da binciken ya rusa shi ne ɗaukar duk mai ƙarancin sinadarin a matsayin abu ɗaya mai magani ɗaya.

A nan ne labarin ya shafi jami'o'inmu. Malami a Najeriya yakan hau matsayi ne gwargwadon adadin takardun da ya wallafa. Wannan ma'auni yana tura matashin likita zuwa ga abin da za a gama cikin wata uku: a raba takardar tambayoyi ga mutum 200 a harabar asibiti, a lissafa, a wallafa, a wuce. Ba laifinsa ba ne, tsarin ne ya koya masa haka. Amma da Aguiar-Oliveira ya bi wannan hanya, da bai san tsawon rayuwar mutanensa ba, domin wannan tambaya ba ta amsuwa sai an jira.

Ƙasar Hausa ta taɓa ganin amfanin irin wannan haƙuri. A shekarun 1970 Neil Davidson da Eldryd Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi mata fiye da 200 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa a Zariya, suka danganta abin da yawan kanwa a kunun jego da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Har gobe ana ambaton aikin a littattafan likitancin zuciya, kuma Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya ɗora a kai da rajistar masu cutar a faɗin Najeriya. Aikin zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Garki, cikin jihar Jigawa ta yanzu, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar 1970, shi ma haka: bin ƙauyuka ne na shekaru, kuma masu lissafin yaɗuwar cutar suna amfani da alƙalumansa har yau.

A fannin girman yara, buƙatar a bayyane take. Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuma kashi 57. Mafi yawansu rashin abinci mai gina jiki ne da yawan gudawa da zazzaɓi suka tauye su, wasu amosanin jini ko ciwon ƙoda ko matsalar maƙoshi. Allurar sinadarin girma ba za ta yi musu komai ba, abinci da ruwa mai tsafta da magani suke buƙata. To amma a cikin wannan taro akwai 'yan ƙalilan masu ainihin ƙarancin sinadarin, kuma su ne suka fi saurin ɓacewa, domin inda gajerun yara suka yi yawa ba wanda ke tsayawa ya tambayi dalilin gajartar ɗaya. Sai a ce gadon gidansu ne, ko a ce zai miƙe idan ya balaga. Idan ƙashi ya rufe bayan balaga, babu allurar da za ta sake buɗe shi.

Rarrabewar ba ta fara da na'ura mai tsada. Yaro daga shekara huɗu zuwa balaga yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 a shekara. Wanda yake cin abinci sosai, jikinsa a murje, amma ba ya ƙara ko santimita 4, shi ne ya kamata a kai wa likitan yara, a ɗauki hoton ƙashin hannunsa, a auna jininsa. Iyayen da suka gaji da jira sukan faɗa hannun masu kemis da masu tallar maganin ƙara tsawo a intanet. Wasu har sukan ba yaro sha-ka-fashe don ya yi jiki, alhali ƙwayoyin irin su dexamethasone suna cikin abubuwan da ke tsayar da girman yaro.

Akwai kuma tambayoyin da suka fi kusa da mu fiye da kowa. Matar da ta zubar da jini mai yawa wajen haihuwa fituwitarinta na iya lalacewa, larurar da Harold Sheehan ya bayyana a 1937. Nono ya ƙi zuwa, al'ada ta ɗauke, kasala ta zauna, kuma sinadarin girma yana cikin na farko da ke ɓacewa. A inda mata da yawa ke haihuwa a gida, nesa da wurin ƙarin jini, likitan da ya buɗe rajistar irin waɗannan mata ya bi su shekara 20 zai faɗa wa duniya abin da Suwidin ba za ta iya ba. Haka nan auren zumunci ya zama ruwan dare a garuruwanmu da rugagenmu, kuma duk inda yake da yawa akan samu gidajen da wata larurar gado ke maimaituwa.

Shiga irin waɗannan gidaje sai da amana. Kano ba ta manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma jama'a suna da hujjar yin ɗari-ɗari da duk mai zuwa da sirinji da takarda. Mutanen Itabaianinha sun ci gaba da miƙa hannu ana ɗibar jininsu shekaru masu yawa saboda likitan da ke zuwa a jiharsu yake aiki, yana jin harshensu, yana dawowa, kuma 'ya'yansu sun samu magani. Sun kasance mutanen da baƙi ke zuwa kallo, sai aka zo aka duba lafiyarsu aka ba su matsayin abokan aiki. Duk wanda ya taɓa ganin yadda yara ke bin wada da ihu a kasuwa zai gane darajar wannan.

Ma'aikatan ma an fara samun su. An buɗe cibiyar horar da likitocin sinadaran jikin yara a Nairobi a 2008, wata kuma a asibitin koyarwa na Jami'ar Legas a 2012, kuma waɗanda suka fito daga cikinsu suna aiki a asibitocin koyarwa na yankinmu. Abin da ya rage yana hannun masu rabon kuɗi da masu ƙarin girma. Asusun TETFund na iya ware wani kaso na tallafin bincike ga ayyukan da za su ɗauki shekara goma ko fiye, a riƙa sabunta shi muddin ana bin mutanen. Majalisun jami'o'i na iya lissafa rajistar marasa lafiya da aka riƙe da kyau a matsayin aikin da ke kai malami gaba. Ma'aikatun lafiya na jihohi kuma na iya umartar kowane asibitin sha-ka-tafi da kowace makarantar firamare su auna tsayin yaro sau ɗaya a shekara, su rubuta a kati, su tura duk wanda ya tsaya cak zuwa babban asibiti tun kafin ya balaga.